Ƙodar Yaya da Kalmar Likita

Litinin, 3 ga Maris

Yau na ga abin da ba a so in gani. Sista ta ajiye fayil ɗina a kan gado ta tafi ɗauko allura, na buɗe. A shafin ƙarshe Likita ta rubuta kalma biyu da jan biro, har da jan layi a ƙasa: poor adherence.

Ni da na shekara goma sha shida ina koyar da Turanci a sakandare. Ni ake yi wa jan biro.

Na rufe kafin ta dawo. Na miƙa hannu aka soka allurai biyun nan, injin wankin ƙoda ya fara kukansa. Awa huɗu ina kallon jinina yana fita ta wannan roba yana dawowa ta waccan, kalmar tana yi mini yawo a ka.

Talata, 4 ga Maris

Na sauko da babban ƙamus daga saman kabad, wanda bangonsa ya ɓalle. Ma'ana uku. Ta farko, mannewa, yadda abu kan kama jikin abu ya ƙi saki. Ta biyu, tsayawa tare da mutum ko aƙida ko ƙungiya, da daɗi ba daɗi. Ta uku, bin ƙa'ida yadda aka shimfiɗa ta.

Na karanta wa matata, na ce to a wacce na faɗi? Ta ce duka ukun. Ko ɗago kai daga guga ba ta yi ba.

Tunda nan ba mai gani, bari in faɗi gaskiya. Watan jiya na tsallake wanki sau uku. Ɗaya saboda jarrabawa, ɗaya gajiya, ɗaya kuma haka kawai, na ji ba zan iya ganin ɗakin nan ba. Ruwa an ce kofi biyu a yini. Ina faɗawa ɗakin malamai in buɗe firji in kafa kai. Wanda bai taɓa jin irin wannan ƙishirwar ba kada ya yi mini wa'azi.

Juma'a, 7 ga Maris

Likita ta kira mu ofis, ni da Yaya. Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara takwas. Tela ce, shagonta ɗan ƙarami, keken ɗinki ɗaya da benci. Ita ta ce a gwada jininta tun bara, ban roƙe ta ba. Yau sakamako ya cika. Ƙodarta ta dace da ni.

Ban gama hamdala ba Likita ta juyo da fayil ɗin ta sa yatsa a kan jan rubutun.

"Malam, ba zan yanka mace mai lafiya don mutumin da ba ya zuwa wanki ba. Bayan dashe akwai maganin da za ka sha safe da yamma har ƙarshen ranka. Ka tsallake kwana kaɗan, jikinka ya kori ƙodar. Ita kuma ba a mayar mata."

Wata uku ta ba ni. Ba fashi ko ɗaya, ba ƙarin ruwa a sikeli. Yaya kuma sai ta rage kilo takwas kafin a taɓa ta.

Yaya ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin nata. Tun muna yara shi ke ba ni haushi. Baba ya yi magana, to. Mijinta, to. Mai kaya ta dawo da rigar da ita ta ba da awo ba daidai ba, to, a warware. Na taɓa ce mata a gaban mutane, ke dai ba ki da ra'ayin kanki, kamar tunkiya. Shekara tara ke nan. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba ta haƙuri ba.

Asabar, 8 ga Maris

A motar haya jiya ta tambaye ni, wai me matar nan ta rubuta da ja. Na ce biyayya. Sai na ji bai zauna ba, na ce riƙo. Na ce bin ƙa'ida. Na ce asalinta dai mannewa ne. Malamin Turanci yana lalube kamar makaho a kasuwar da bai sani ba.

Ta ce, "Au, kamar gam ɗin kwalar riga. Ai shi sai ya ji wutar guga yake kamawa."

Ta juya tana kallon titi.

Laraba, 12 ga Maris

Na je wanki. Sikeli ya ce na ƙara kilo uku tun Litinin. Sista rubutawa kawai ta yi. Gara ta zage ni.

Asabar, 15 ga Maris

Matata ta tashe ni da sassafe, wai in leƙa taga. Yaya ce a ƙofar gida, da takalmin roba irin na 'yan makaranta, tana haki. Daga gidanta zuwa nan tafiyar kusan awa ɗaya ce. A ƙasa ta zo. Ta ce kullum za ta riƙa zuwa ta koma kafin ta buɗe shago, tunda an ce ta yi tafiya, gara tafiyar ta zama da inda za ta.

Ta miƙo mini wata 'yar kwalba da ta ɗinka wa riga da ragowar yadi, ta ja zare ja a daidai kofi biyu.

"Auta, in ya kai nan, shi ke nan sai gobe."

Shekarata arba'in da ɗaya, 'ya'yana uku, har yanzu Auta.

Litinin, 24 ga Maris

Akwai wani dattijo da gadonsa ke kusa da nawa, kowa Direba yake ce masa, manyan motoci ya ja a da. Yau na tambaye shi tun yaushe yake zuwa. Shekara shida. Na ce sau nawa ka yi fashi? Ya dube ni kamar na tambaye shi sau nawa ya manta da numfashi.

Sista ta ce ko ɗaya. Ranar da aka yi ruwan da ya cinye gada, shi ya riga ma'aikata zuwa, wandonsa a naɗe har gwiwa.

Ba shi da mai ba shi ƙoda. An gwada 'ya'yansa biyu ba su dace ba, kuma shekarunsa sun ja. Wato ba abin da yake jira. Zuwa kawai yake yi.

Ya koya mini dabara: ƙanƙara ɗan gutsure a ƙarƙashin harshe, kada a tauna, a bar ta ta narke da kanta. "Ƙishirwa ba a ciki take ba, Malam, a baki take. Ka yaudari bakin." Daga baya, idonsa a rufe, ya ce, "Kai an kawo maka har gida kana yanga."

Har aka cire mini allura kallonsa nake yi.

Alhamis, 27 ga Maris

Ƙishirwa. Ba abin da zan rubuta sai wannan.

Laraba, 2 ga Afrilu

Likita ta zo zagaye. Don in nuna mata ni ma ba baya ba ne, na ce, me ya sa ba ki rubuta compliance ba, ai ita aka fi sani?

Ta ja kujera ta zauna, abin da ban zata ba. Ta ce da ita likitoci suke rubutawa, aka daina. Wai waccan tana nufin likita ya yi umarni, marar lafiya ya sunkuyar da kai, in an juya baya ya yi abin da ya ga dama. Wannan kuwa sai mutum ya ji, ya yarda, ya riƙe da kansa ko ba mai kallo.

"Ba ni kake yi wa biyayya ba, Malam. Ni in na tashi aiki gida zan tafi in sha ruwana mai sanyi."

Shekara goma sha shida ina gaya wa yara kalmomin nan biyu ma'anarsu ɗaya. Sai da na kwanta a gadon asibiti aka raba mini su. Ikon Allah. Kalma ma ashe tana da ciki da waje.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Mijin Yaya ya zo da kansa. Ya zauna a bakin kujera, bai taɓa shayin da aka kawo masa ba. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya fito fili: bai yarda ba. Yara suna buƙatar uwarsu. In wani abu ya same ta fa? Ya ce kada in ɗauka da zafi.

Ban ɗauka ba. In ni ne shi, abin da zan faɗa ke nan. Na ce masa ya yi gaskiya, a bar maganar. Har na ji wani sauƙi marar kunya a raina, na tuna firjin ɗakin malamai.

Litinin, 14 ga Afrilu

Da sassafe sai ga ƙwanƙwasa. Takalmin roba, haki.

Na ce Yaya, ai mijinki ya zo jiya. Ta ce ta sani. Na ce to me kika ce masa?

"Na ce masa to, na ji."

"Shi ke nan an fasa?"

"Wa ya ce? Na ji ne. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa tsallake maganarsa ba, shi ma ya sani. Na ce masa wannan ɗaya ce tak, kuma a jikina take. Zan bi shi da lallashi har ya sa hannu, amma ba zan fasa ba."

A tsaye take faɗin haka, tana goge zufa da bakin mayafi, murya ƙasa-ƙasa kamar mai faɗin kuɗin ɗinki. Na rasa inda zan sa idona. Matar da na kira tunkiya. Ashe duk shekarun nan ba wai ba ta da "a'a" ba ne, ajiye ta ta yi ba ta kashe ba, sai da ta ga abin da ya cancanta.

Na je wanki. Sikeli ya yi kyau.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na bi ta shagonta. Da rana ta buɗe kwanon abincinta: ganye, ɗan kifi, shinkafa cokali uku. Maƙwabciyarta mai sayar da lemo ta ce wata biyu ke nan ko sukari ba ta sa a shayi, har an fara tambaya ko ita ce marar lafiyar. Ta rage wa rigunanta faɗi da hannunta, sau biyu.

Ita da ba abin da ke damunta. Ni mai ciwon ni ke neman hanyar zamewa.

Na zauna a benci ina kallon ƙafarta a kan keke, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Na buɗe baki zan yi maganar shekara tara, ta miƙo mini allura. "Zura mini zare, idona ya fara gajiya." Na zura. Maganar ta koma ciki.

Juma'a, 9 ga Mayu

An yi taron malamai, shugaban makaranta ya ce kowa ya tsaya har ƙarshe. Sha ɗaya da rabi na miƙe. Ya ce Malam ina zuwa? Na ce wankin ƙoda, ranka ya daɗe. A gaban kowa. Shekara biyu ina ɓoyewa, ina cewa ciwon ciki ne.

Ba wanda ya mutu. Malamin lissafi ma ya kai ni a babur ɗinsa.

Talata, 20 ga Mayu

Mijin Yaya ya sa hannu. Ban san me ta gaya masa ba. Matata ta ce ta ji wai ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya, tafiyarta kawai ta ci gaba da yi kullum. Ranar nan ya tashi ya tarar ta fita cikin yayyafi, sai ya ɗauki lema ya bi bayanta.

Laraba, 11 ga Yuni

Wata uku sun cika har da 'yan kwanaki. Fashi babu. Yaya ta rage kilo tara, ta zarce da ɗaya, wai gyara ne.

Likita ta duba takardu, ta ɗauki biro, shuɗi wannan karon, ta rubuta wani abu. Ban leƙa ba. Wallahi ban leƙa ba, kuma na yi mamakin kaina. Ta ce za a yi dashen ranar Talata mai zuwa.

Direba ya kama hannuna da hannunsa wanda ba allura. "Ka tafi kada ka dawo. In na sake ganinka a gadon nan, ni da kai ne." Yana dariya. Ni na kasa.

Litinin, 16 ga Yuni

An kwantar da mu, ita a ɗakin mata, ni a na maza. Da la'asar ta lallaɓo da rigar asibiti, tana ƙorafin wanda ya ɗinka ta bai san aikinsa ba, dubi hannu ɗaya ya fi ɗaya.

Na ce, Yaya, maganar nan da na taɓa faɗa miki a gaban mutane.

Ta ce wacce?

Na ce ta tunkiya.

"Na tuna. Ta yi mini zafi, Auta, har na yi kuka a bayan shago." Sai ta gyara mini filo. "Ranar da Inna ta rasu kana da shekara huɗu. Ni na goya ka, ka yi mini fitsari a baya ya fi sau ɗari. To gobe ma fitsarin nake so ka yi. Shi ne haƙurin."

Na tambaye ta ko tana jin tsoro. Ta ce sosai ma.

Alhamis, 19 ga Yuni

Dole in rubuta wannan.

Da na farfaɗo, abin da Sista ta fara nuna mini jaka ce a rataye a gefen gado. Cike. Ruwan ɗorawa, garau. Shekara biyu rabona da in yi abin da ya wuce cokali biyu. Ta ce tun a kan tebur, ana haɗa jijiya ƙodar ta yi ja ta kama aiki, ba ta ko jira an rufe ni ba.

Tsokar da ba ta kai dunƙulen hannu ba. Shekara arba'in da tara tana aiki a cikin Yaya, a duhu, ba wanda ya taɓa ce mata sannu. An ciro ta an sa a cikin wani, ba ta tambayi ko wane ne ba, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Na kwanta ina kallon jakar nan tana ɗiga ina hawaye. Babban mutum yana kuka a kan fitsari. Allah Mai iko.

Sai Sista ta kawo jug ta ce in sha. Na ce nawa? Ta ce duka, in ya ƙare a ƙaro.

Asabar, 21 ga Yuni

An turo ta a keken marasa lafiya. Ta fi ni jin jiki, an ce haka abin yake, mai bayarwa ya fi wahala a farko. Fuskarta ta faɗa, tana dafe da gefen hagu. Ta dubi jakar ta ce, "Madalla." Ta dube ni ta ce, "Ka sha na safe?"

Na sha.

Talata, 8 ga Yuli

Gida. Ƙwayoyi takwas na safe, takwas na yamma, kada a wuce ko da rabin awa. Likita ta ce jikina har abada baƙuwa zai ɗauke ta, maganin ne ke hana shi korarta. Nakan sa hannu a ƙasan cikina ta dama, inda take, in ji ɗan tudun. Wani lokaci har sannu nake ce mata. Kada matata ta ji.

Laraba, 30 ga Yuli

Na koma asibiti awo. Na leƙa ɗakin wanki daga bakin ƙofa, da takunkumi a fuskata. Direba yana nan a gadonsa, ƙanƙara a baki. Ya ɗaga mini yatsa, wai kada in shigo.

A hanyar fita Sista ta tare ni. Wai ina yayata? Sau biyu ana sa mata ranar dubawa ba ta zo ba. Mai ƙoda ɗaya dole a riƙa auna jininta.

Na kira ta. Wai ɗinki ya yi mata yawa, kuma lafiyarta ƙalau, a bar wa masu ciwo layi.

Alhamis, 7 ga Agusta

Bakwai da rabi ina ƙofar shagonta. Ta zo da makulli a hannu ta tarar da ni a kan benci, na tare ƙofa. Ta ce lafiya? Na ce yau ranarki ce, ƙarfe tara, na karɓo miki kati. Ta ce rigunan mutane fa? Na ce su jira. Ta ce Auta, tashi mini daga ƙofa. Na ce ba inda za ni.

Takwas ta yi muna nan. Na fito da ƙwayoyina na sha a gabanta, na mayar da kwalbar maganin aljihu, na gyara zama. Mai lemo tana ta dariya. Wata mata ta zo karɓar ɗinki, na ce mata tela ba ta nan sai azahar, alhali ga tela a tsaye.

Yaya ta dube ni ta daɗe. Ta ce tunda aka haife ni ba ta taɓa ganin mai taurin kai irina ba. Na ce yanzu ai da naki a ciki.

Mun je. Jininta ya ɗan hau kaɗan, an ba ta magani, ƙwaya ɗaya da safe. Sai bayan wata uku kuma, shida ga Nuwamba. Na rubuta a bangon littafin nan. Ba wani abu ba ne, hanyata ce dama, kuma ita mantuwa gare ta. Gobe zan biya da safe in ga ko ta sha. Zan ce zare na zo saya.